Kafin Ka Tafi da Duna

Yakasai, cikin birnin Kano

Zuwa ga autana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ka Jos lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, Ya sanya albarka a aikin da ka samu. Amin.

Za ka yi mamaki, muna gida ɗaya, ƙofar ɗakinka na kallon tawa, amma ga ni ina rubuta maka wasiƙa. Dalili shi ne duk sanda muka ɗauko maganar Duna sai mu ƙare da musu. Kai ka ce, "Baba, ba za ka iya da karen nan kai kaɗai ba." Ni in ce, "Tun ba a haife ka ba nake kiwo." Sai ka yi shiru don ladabi, ni kuma in ɗauka na kayar da kai. Sai ka fita sannan in tarar ban faɗi ko ɗaya daga abin da ke raina ba. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne yake rawa. A da, da nake koyarwa, rubutuna yara suke kwaikwaya.

Tambayarka ɗaya ce: ranar Asabar ka tafi da shi, ko ka bar mini shi? Na juya ta har kaina ya yi zafi. In ka tafi da shi, likita ta ce doguwar tafiya da sauyin wuri suna cikin abubuwan da ke kayar da mai irin ciwonsa. In ka bar shi, ka bar shi a hannun tsoho mai mantuwa. Wallahi ban san wanne ya fi haɗari ba. Bari in jero maka kurakuran da na yi a kansa, wataƙila kafin in kai ƙarshen takarda in hango amsar da kaina.

Kana jami'a aka kawo shi, don haka farkon labarin a bakin mutane ka ji. Ɓarayi ne suka haura katanga suka kwashe awakin mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta. Ta sake sayen wasu, aka sake haurowa. Sai ta aika wa Malam Ilu maharbi, ɗan uwanta na ƙauye, ya zo mana da ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin a cikin kwando. Na ce mata, "Kare? A Yakasai? A gidan malamin makaranta?" Ta ce, "To Malam, sai ka ɗauki tabarmarka ka koma garken awakin, ka riƙa yi mana haushi." Na tafi wurin limaminmu ina fatan ya hana, sai ya ce don gadi babu laifi, a dai kiyaye tsarki, a ware masa kwano, kada ya shiga ɗaki. Haka na dawo na haƙura. Ita ta raɗa masa Duna, ita ta shimfiɗa masa wani tsohon zaninta na atamfa a gindin rumfa. Bayan rasuwarta na sayar da awakin, don ba ni da ƙarfin nemo musu harawa. Shi ke nan, aka wayi gari babu abin da ya rage a gidan nan da Duna zai yi gadi sai ni.

Kuskurena na farko kunya ce. Ka san cikin gari, gida ya jingina da gida, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Ban taɓa sakin jiki da a ce ina da kare ba. Duk sanda za a yi taro a gidan nan, sai in sa Malam Ilu ya zo da babur, a cusa Duna a buhu a bar kansa waje, a ɗaure a baya, a tafi da shi ƙauye har baƙi su watse. Haka na yi a zaman makokin mahaifiyarka, haka a sadakar arba'in, haka da yayarka Zainabu ta zo wankan jego, haka kowace Sallah. Kuma duk dawowar da zai yi, sai ya dawo a galabaice. Ya ƙi abinci, ya yi ta amai da zawo, ƙafafunsa na baya suna karkarwa, ya sa baki a kwanon ruwa kamar ba zai ɗago ba. Ya yi kwanaki a kwance, har in fara tunanin inda za a haƙa masa rami, sai kawai wata safiya in ga ya miƙe yana kaɗa bindi kamar ba shi ba. Wannan tashi da faɗuwa shi ya fi ruɗa ni. Na yi ta zargin Malam Ilu da ba shi ruɓaɓɓen nama. Bawan Allah ya rantse har ya gaji.

Kana wurin ranar da likitar dabbobi ta tambaye ni, "Baba, a wane lokaci ciwon ya fi tasowa?" Na ce in ya dawo daga ƙauye. Ta ce, "Me ke kai shi ƙauye?" Na kama gyaran hula. Kai ne ka ce, "In za a yi baƙi ake ɓoye shi." Ta ce to ai ga shi nan, ba naman kowa ba ne, firgicin buhu da babur da baƙon wuri ne jikinsa ba ya iya ɗauka. Ashe da hannuna nake kayar da shi, don kada wanda zai zo ya zauna mini na rabin yini ya ce wani abu.

Saboda haka, Abba, in har kare yana gidanka, ka yarda yana gidanka. Ka kiyaye tsarkinka da na tufafinka da wurin sallarka, kamar yadda ka ga ana yi a nan, amma kada ka riƙa yawo da shi don idon mutane. In baƙi sun zo, ka kai shi inuwa inda ya saba, ka ajiye masa ruwa. Wanda ya tambaya ka ce, "E, nawa ne, ba shi da lafiya." Ranar da ka sami wadda za ka aura ma, ka gaya mata tun a zance na farko, kada ta tare ta gan shi a bayan ƙofa.

Na biyu, na ɗauki kaina likita. Mu tun tasowarmu, in dabba ta ƙi ci, kanwa ake jiƙa mata. Na ja ƙafa har Kasuwar Kurmi, na sayo jar kanwa da ɓawon maɗaci, mai maganin ya ƙara mini wani garin da ya ce ko doki ne zai tashe shi. Na jiƙa, na danne Duna, na ɗura masa. Ya amayar, na sake ɗurawa, a tunanina ciwon ne yake fita. Da na ga ba sauƙi, sai zuciyata ta koma kan Malam Garba tela, maƙwabcinmu na jikin katanga, abokina tun muna elementare. Ya taɓa ce mini a majalisa, "Malam Habu, karen nan naka shi ke kiran sallar farko a unguwar nan, ladan sai dai ya biyo baya." Kowa ya yi dariya, har ni. Amma da ciwo ya yi tsanani, sai maganar ta dawo mini da wata fuska, na ce ba shakka shi ke jefo wani abu ta katanga. Ban faɗa masa ba. Na dai daina zama a tabarmarsa, in ya gaishe ni in amsa da ƙyar. Mutumin da ya ɗinka mini rigar angonci.

Ka kiyayi wannan, ɗana. In abu ya ruɗa ka, zuciya tana gaggawar nemo maka wanda za ka ɗora wa, kuma na kusa take fara kawowa. Ka ce "ban sani ba" ka tafi wurin wanda ya sani. Kuma kada ka ba Duna komai da likita ba ta ce ba. Ko kanwa, ko jiƙo, ko maganin da abokin aiki zai ce ya yi wa karen wani amfani. A can ma za ka sami masu ba da shawara, ba sa ƙarewa.

Ina na tsaya? E, ranar asibiti. Ka dawo daga bautar ƙasa ka tarar da shi ƙashi da fata, ka ce sai an kai shi. Ka tuna yadda muka sha rana a bakin titi, duk mai adaidaita sahu da ya tsaya ya leƙa ya ga abin da ke hannunka sai ya ja abinsa? Ɗaya ma cewa ya yi, "Alhaji, da akuya ce da na ɗauka kyauta." Sai da ka kira abokinka mai mota. A asibitin aka ɗebi jininsa, aka ce mu koma, aka sake ɗiba. Sannan likitar ta zaunar da mu ta ce sunan ciwon Adison. Na ce, "Wane ne shi? Shi ya kawo ciwon?" Ta yi dariya ta ce a'a, sunan likitan da ya fara gane shi ne tun zamanin da, kuma mutane ma suna yinsa.

Ga yadda na fahimci bayaninta, in na kuskure ka gyara. Akwai wasu 'yan tsoka biyu ƙanana kusa da ƙoda. Aikinsu su fitar da wani sinadari da ke riƙe jiki in an firgita ko an gaji, da wani da ke daidaita gishiri da ruwan jiki. Na Duna sun daina aiki. Ba guba ba ce, ba sammu ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma ba laifin kowa ba ne. Ba ya warkewa, amma in yana samun ƙwayarsa kullum da safe da allurarsa a kan lokaci, zai iya rayuwa kamar kowane kare. Na yi ta gyaɗa kai. Gaskiyar magana, rabin abin ya bi ta bayan kunnena. Ciwon da ba ya warkewa kuma mai shi lafiyarsa lau, ni a karatuna ban gamu da shi ba. Har yau in na zauna ina tunani sai in ji kamar akwai wani gefe na maganar da ban kama ba.

Da muka dawo na shiga shagon Malam Garba na ba shi haƙuri. Ya ɗago daga kan keke ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Au, dama fushi kake? Na ɗauka kurumta ce ta kama ka." Da na gaya masa sunan ciwon sai ya ce, "Oho. Mu nan hawan jini kawai muka samu, kare ya tafi ya samo ciwon Turawa. Gobe sai ka yi masa fasfo." Tun daga ranar ba ya kiransa Duna, sai Bature.

Kuskure na uku shi ne wanda ya kusa kashe shi, kuma ka san shi, sai dai ba ka san dalilina ba. Na nace ni zan riƙa ba shi maganin, ka bar mini. Ya murmure, gashinsa ya yi sheƙi, ya koma bin ƙadangaru a jikin katanga. Na dube shi na ce ai wannan ya warke. A saninmu magani ana sha ne a warke a daina, wanda ya ci gaba da sha bayan ya sami sauƙi kamar bai gode wa Allah ba ne. Na ce yarinyar nan likita tana da kirki, amma yara suna da tsoro. Na daina ba shi, ban gaya maka ba. Kwanaki suka wuce ba abin da ya faru, har na fara jin daɗin wayona. Sai Babbar Sallah ta zo, raguna na kuka ta ko'ina, jikoki sun cika tsakar gida, ana ta shige da fice. Da hantsi na leƙa rumfa na gan shi a kwance, idanu a buɗe, jikinsa sanyi ƙalau, na kira sunansa ko kunne bai motsa ba. Kai ka ɗauke shi a baro da kayan Sallarka a jiki, ka tura shi ta lungu har titi, mutane na tafiya yawon Sallah suna kallonka. Na bi ka a baya da sanda, ban iya cim maka ba.

Sai da aka yi masa ƙarin ruwa ya dawo. Likitar ba ta ɗaga mini murya ba. Cewa ta yi, "Baba, lafiyar da ka gani a jikinsa, ƙwayar ce. In ka cire ta, ka cire lafiyar. Kuma a ranar hayaniya irin ta Sallah ƙari ma yake bukata." Na so ƙasa ta tsage.

To ka riƙe wannan fiye da komai a takardar nan. Kada ka daina ba shi don ka ga yana tsalle. Kada ka bari maganin ya ƙare sannan ka fita nema, don ba kowane kanti ke da shi ba. Ranar allura ka sa ta a wayarka. Ni da tsayuwar wata nake lissafi, har na taɓa rikicewa tsakanin watan sama da na kalanda. In ka ga ya ƙi abinci, ko yana amai, ko ƙafafun baya na rawa, kada ka ce bari a ga gobe. Kuma kai ma halina gare ka, na lura. Zazzaɓin bara da ka ji sauƙi ka watsar da sauran maganin a kan taga. Ka daina.

Yanzu saura wanda ba ka sani ba, na jiya. Ka fita sallama da abokanka tun da sassafe. Na dawo daga masallaci, na tsaya a bakin taga inda nake ajiye magunguna, nawa na hawan jini a dama, nasa a hagu. Dukansu farare ne ƙanana. Sai na tsinci kaina da ƙwaya ɗaya a tafin hannu da ɗacin wata a maƙogwaro. Abba, ban san wacce na haɗiya ba. Ban san ta hannuna tawa ce ko tasa ba. Ban san ko na riga na ba shi ba. Na dube shi, yana zaune a kan zanin nan yana dubana, yana jiran ɗan ƙosan da nake ɓoye masa ƙwayar a ciki. Ƙosan yana nan, amma an gutsura, kuma ban tuna wanda ya gutsura ba. Na ce masa, "Duna, ka sha ko ba ka sha ba?" Ya kaɗa bindi. Haka yake yi ko me ka tambaye shi.

Na zauna a kan turmi na daɗe. Daga baya na kira likitar. Ta sa na karanto mata abin da ke jikin takardun maganin, ta gaya mini abin da zan yi da alamun da zan lura da su a jikinsa da nawa, ta ce in sha'anin nawa ya dame ni in je kemis a auna ni. Alhamdu lillahi, daga ni har shi ba abin da ya same mu. Amma kafin ta ajiye waya ta ce, "Baba, wa ke tare da kai a gidan?" Na ce, "Ɗana, har zuwa Asabar." Sai ta yi shiru. Ta ce, "To, Allah Ya ƙara lafiya, Baba." Shirun nan ya fi mini duk bayanin da ta taɓa yi sauƙin ganewa.

Ga shi na kawo inda nake gudu. Ka tafi da shi.

Ban ce na tabbata ba. Ina rubutawa zuciyata na cewa hanya fa, sanyin Jos fa. Amma hanya yini ɗaya ce, kuma ana iya shirya mata. Mantuwata kuwa kullum da safe tana nan, kuma ba raguwa za ta yi ba. Na daɗe ina ce maka shi ne ba zai iya rabuwa da gidan nan ba. Ni ne.

Kafin Asabar ka koma wurin likitar. Ta ce akwai yadda ake ƙara masa ƙwayar saboda tafiya, ka ji daga bakinta, kada ka ƙiyasta. Ka karɓi takardar bayaninsa, kuma a makon da ka sauka ka nemi likitan dabbobi ka nuna masa, tun ba ka bukace shi ba. Ku fita da sanyin safiya. Kada a sa shi a but ɗin mota, kuma don Allah kada a sa shi a buhu. Ya zauna a ƙasan kujera kusa da ƙafarka, ka riƙa yi masa magana, ko karatun da kake yi a hanya ka ɗan ɗaga murya, ya saba jin nawa. Ku tsaya ya sha ruwa. Ba ya son a taɓa masa kunnen hagu. Yana tsoron ƙarar janareta, ka nisanta shi da ita.

Sai zanin. Na yi niyya in ka tafi da shi in wanke zanin nan in ninke in sa a adaka, don a cikin kayan mahaifiyarka shi kaɗai ya rage, sauran an raba. Amma likita ta ce abin da ya saba da ƙanshinsa yana kwantar masa da hankali a baƙon wuri. Ka naɗe shi yadda yake, kada ka wanke, ka shimfiɗa masa a mota, in kun isa ka shimfiɗa masa a inda zai kwana. Ita ta ba shi, ba ni ta ba ba.

Kada ka damu da ni. Zainabu ta ce za ta riƙa kira, matar Malam Garba za ta ci gaba da aiko tuwo. Ɗazu na dakatar da rubutun nan, na leƙa shago na gaya wa Malam Garba shawarar da na yanke, ya ajiye almakashi. Ya ce, "Wato Bature zai koma ƙasar sanyi, ni zan gaji gadin tsoho. To ka sani ban iya haushi ba." Ya ce kullum in mun fito masallaci zai biyo ni gida ya tsaya a kaina har in haɗiye ƙwayata. Na ce ba na bukata. Ya ce ba tambayata ya yi ba.

Kwanonsa na ruwa ka bar mini, ka sayi sabo a can. Ban san me zan yi da shi ba. Ka dai bar shi a inda yake.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ku lafiya, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari da shugabanni masu adalci. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka riƙa yi wa mahaifiyarka addu'a. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka mai kula da kai a ranar da hannunka zai yi rawa kamar nawa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini gardamar da na yi ta yi maka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Habu

Na so in ce ranar Asabar ku fita ba tare da ka yi mini magana ba, don kada ya gan ni ya ƙi shiga mota. Na sake tunani. Ka kira ni. Ni zan ba shi ƙwayar ranar, kai ka tsaya a gefena ka duba cewa tasa ce.